Kafin ka tafi Kano sayen sansar kamshaf

Akwai wata cuta da motocin injekta ke yi wadda take wahalar da direbobin haya a wannan yanki namu, musamman idan bazara ta kankama. Da safe mota ta tashi lafiya lau. A yi lodi a kama hanya, injin ya ɗau zafi, a tsaya wani ƙauye a kashe ta don a sauke kaya, sai a murɗa makulli kik ya yi ta juyi, injin ya ƙi kamawa. A buɗe bonet a bar ta ta sha iska, can sai ta tashi kamar ba ita ba. Wata kuma ba ta mutuwa a hanya, sai dai kullum sai an daɗe ana murza kik kafin ta amsa, wutar cek tana kunne a dashbod, ƙarfi ya ragu, shan mai ya ƙaru. Idan aka jona mata kwamfuta sai lamba P0340 ta fito, a ce wa mai mota sansar kamshaf ce ta mutu, wato 'yar na'urar da ke lura da juyin sandar da ke buɗe bawul ɗin injin, ya tafi Kano ya sayo. Ya sayo a ɗaura, bayan kwana biyu cutar ta dawo. Ga kuɗin sansa ya tafi, ga kuɗin mota zuwa Ƙofar Ruwa da dawowa, ga yini guda ba a yi lodi ba.

Ni aikin wayarin mota nake yi. Garejinmu yana bakin titin da ya bi ta Ringim ya nufi Gujungu, ranar Lahadi ba ma samun zama saboda motocin kasuwa. Abin da nake ta nanata wa yarana da direbobi shi ne, waccan lamba ba ta ce sansa ta mutu ba. Cewa ta yi ƙwaƙwalwar mota, wato akwatin lantarkin da ke sarrafa injin, ba ta samun saƙon kamshaf yadda ya kamata. Tsakanin kamshaf da ƙwaƙwalwa kuwa akwai haƙoran ƙarfe, akwai sansa, akwai soket, akwai doguwar waya da ta ratsa zafi da ƙura da baƙin mai, ga kuma batir da ke ciyar da su duka. Ko wanne ya gaza, lambar nan za ta iya fitowa. A abin da ke zuwa hannuna, laifin waya da soket da batir ya fi na sansar kanta yawa nesa ba kusa ba.

Sai ka san aikinta kafin ka kama ta da laifi. A injin mai bugu huɗu, karanshaf, wato sandar ƙasa da fistin ke juyawa, yana zagayawa sau 2 kafin kamshaf ya zagaya sau 1. A wannan tsakani fistin na ɗaya yana hawa sama sau biyu: a hawa ɗaya ya matse mai da iska yana jiran wutar fulogi, a ɗayan kuma hayaƙi yake korawa zuwa salansa. Sansar karanshaf tana gaya wa ƙwaƙwalwa cewa fistin ya iso sama, amma ba ta san wane hawan ba ne. Kamar agogon bango ne, zai nuna maka ƙarfe shida amma ba zai ce maka na safe ne ko na yamma ba. Sansar kamshaf ce ke raba gardama. Da ita ƙwaƙwalwa ke sanin wane kwayil za ta ba wuta da wane nozul za ta buɗe, kuma a injinan da ke da VVT-i ko i-VTEC, wato tsarin da ke ɗan karkata kamshaf injin yana aiki, da ita ake tabbatarwa kamshaf ya karkata zuwa inda aka umarce shi. Idan saƙonta ya ɓace, wasu motocin sai ƙwaƙwalwa ta yi ta lalube har ta dace, wannan shi ne dogon juyin kik da direba ke kuka da shi. Wasu kuwa ba za su tashi ba sam.

To ina take? Kamshaf yana cikin tof silinda, don haka a saman injin za ka neme ta, ba a ƙasa ba. Duk wadda ka gani can ƙasa kusa da fulin karanshaf ko a jikin giyabos, wata sansa ce daban. Ita 'yar baƙar roba ce da ba ta wuce tsawon yatsa ba, kanta ya nutse cikin tof, noti ɗaya mai lamba 10 ke riƙe da ita a yawancin motocin Japan. A Corolla ta 2003 zuwa 2008 mai injin 1ZZ, da Vibe da ke ɗauke da wannan injin, tana jikin tof ta ƙarshen da ke kallon giyabos, waya biyu gare ta. Camry mai injin 2AZ ma ta wannan ƙarshen za ka leƙa. Corolla ta bayan 2008 mai injin 2ZR guda biyu take da su a saman murfin injin, ɗaya ta kamshaf ɗin shigar iska, ɗaya ta na fitar hayaƙi, kowacce waya uku. Honda Accord mai injin K24, wadda ake ce wa EOD da ƙanwarta DC, ita ma biyu ne, suna ƙarshen tof ta ɓangaren giyabos. Idan injin mai silinda 6 ne irin na Sienna, layi biyu ne, kuma layi na ɗaya shi ne na baya da ke jingine da dashbod, na biyu shi ne na gaba kusa da lagireto. Mutane da yawa suna canza ta gaba don ita hannu ke kaiwa, alhali lambar ta baya take nufi.

Golf 3 kuwa, wadda ita ce jakin hanyoyinmu, sha'aninta daban ne. Tata sansar tana cikin distiribita, ƙarƙashin murfi da rota, da soket mai waya uku a gefe. A Golf mai injin 1.8 mai nozul ɗaya, wannan sansa ita kaɗai ce ke gaya wa ƙwaƙwalwa injin yana juyawa, saboda haka idan ta mutu babu wuta a fulogi, babu mai, mota ta tsaya cak. Duk wanda zai zare distiribitar Golf ya fara yi mata alama da fenti ko tsinin sukundireba a jikinta da jikin injin, ya kuma lura da inda rota ke kallo, domin murɗa ta kaɗan yana canza taimin, wato lokacin da wuta ke zuwa fulogi.

Yanzu ga tsarin da nake bi, kuma ba na tsallake na farko ko da mai mota yana sauri. Batir. Ɗora mitar awon wuta a kansa mota a kashe, lafiyayye zai ba ka wajen bolt 12.6. Sa wani ya murɗa makulli kana kallo. Idan lamba ta faɗi ƙasa da 10 lokacin da kik ke juyi, injin ba ya juyawa da saurin da sansa mai waya biyu za ta haifar da saƙo mai ƙarfi, ƙwaƙwalwa ma kanta tana rikicewa, sai ta rubuta P0340 alhali sansa lafiyarta ƙalau. Duba kawunan batir, sau da yawa za ka tarar an cusa ƙusa ko guntun gwangwani don su kama, ga farin gari ya cinye su. Duba kuma kaurarar wayar nagatif da ta tashi daga batir zuwa bodi da injin. Idan motar ta tashi, auna caji, ya kamata ya zauna tsakanin 13.5 da 14.5. Kafin ka cire mitar, juya ta zuwa AC ka sake aunawa a kan batir ɗin. Abin da za ka gani ya zama ɗan ƙanƙani ƙwarai. Idan ya kai rabin bolt, dayod ɗin altaneta ya lalace, yana watsa ƙazamar wuta cikin wayoyi, kuma wannan kaɗai ya isa ya gurɓata saƙon sansa.

Na biyu, ka tabbata ba wata cuta ce ta ari rigar wannan ba. Famfon mai da ya tsufa shi ma yana mutuwa da zafi ya farfaɗo da sanyi, kuma man da ake saye a galan a bakin hanya, idan an yi masa gauraye ko ruwa ya shiga, yana sa mota misin da mutuwa a silo. A Honda, da ka murɗa makulli wutar dashbod ta kawo za ka ji famfo ya yi ƙara na kamar daƙiƙa 2. Toyota da yawa ba sa kunna famfo sai kik ya fara juyi, don haka kada ka yanke wa famfon Corolla hukunci don ba ka ji shi ba. Sai sansar karanshaf. Idan kana da kwamfuta, buɗe wurin da ke nuna gudun injin, a murɗa kik. Idan lamba ta tashi zuwa wajen 200, sansar karanshaf tana magana. Idan ta tsaya a sifili, can ƙasa matsalar take, kuma lambarta P0335 ce.

Maganar kwamfuta, ba sai babba ba. Akwai 'yar ƙaramar na'ura ELM327 da ake cusawa a soket mai rami 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, ta haɗu da wayar hannu ta Bluetooth. Duk motar da aka yi wa kasuwar Amurka daga 1996 tana amsa ta, na Turai masu fetur kuma daga wajen 2001. Shi ya sa yawancin Golf 3 ba sa amsawa, sai da kwamfutar da ta san yaren Volkswagen, a can kuma lambar wannan sansa 00515 ce. Ka rubuta lambobin a takarda kafin ka goge, duka, ba wadda ta fara fitowa kaɗai ba, domin adadin da ke ƙarshen kowace lamba yana nuna maka hanya. P0340 tana nufin sansar da wayarinta gaba ɗaya. P0342 saƙo ya yi ƙasa, ka nemi wayar da ta goge ta taɓa bodi ko wutar da ba ta isowa. P0343 saƙo ya maƙale a sama, ka nemi wayar da ta tsinke ko nagatif da ya saki. P0344 yana zuwa yana ɗaukewa, wannan ta soket mai lilo ce da waya mai karaya a ciki. P0345 layi na biyu a injin mai silinda 6. P0365 sansar kamshaf ɗin fitar hayaƙi. P0341 da P0016 kuwa zan dawo kansu, domin su ne suka fi cinye kuɗin mutane a banza.

Na uku, ido da hannu. Kashe mota, danna harshen soket ka zare shi a hankali, kada ka ja ta waya. Robar da ta shekara tana gasuwa a saman injin takan bushe, harshen ya karye, sai ka ga an ɗaure shi da zare ko robar tayar keke. Haska cikinsa. Kore-kore a kan ƙarafunan alamar ruwa ce, ko daga damina ko daga masu wankin mota da ke watsa wa injin ruwa da ƙarfin inji. Baƙin mai a ciki alama ce sansar ta tsage mai yana bi ta jikinta, ko murfin injin yana yoyo a kanta. Idan ramukan soket sun buɗe ba sa cizon ƙarfen sansa, da tsinin allura ake matse su. Daga nan bi wayar da yatsunka taƙi bayan taƙi, kana lanƙwasa ta, har inda ta shige babban damin wayoyi.

A nan ne ɓera ke shigowa, kuma mutanen birni ba su san yawan ɓarnar da yake yi mana ba. Bayan kaka wani Alhaji mai sayen amfanin gona ya kawo mini Vibe, an riga an ɗaura mata sabuwar sansa a wani wuri, tsohuwar tana cikin leda a kujerar gaba. A kan kwalta lafiya take tafiya, da ya sauka hanyar burji sai ta fara fizga ta mutu.

Ya ce, “Malam, ko dai ƙwaƙwalwar ce ta ƙone? An ce mini sai an sayo wata.”

Na ce, “Alhaji, a ina motar take kwana?”

Ya ce, “A rumfa, gefen buhunan gyaɗa.”

Na sa yaro ya cire bututun iska. A lungun da ke ƙarƙashinsa ga ɓawon gyaɗa an tara, ga kashin ɓera, ga yagaggen buhu an yi sheƙa. Wayar sansa ta bi ta nan, an gaigaye robar ɗaya daga cikin biyun, silin tagulla kaɗan ne suka rage suna riƙe da ita. Mota a tsaye suna isar da saƙo, da ta hau gargada sai su rabu. Muka yanke wurin, muka haɗa da dalma, muka sa robar da ke tsukewa da zafi, muka mayar da wayar cikin bututunta. Da na auna tsohuwar sansar da ke cikin leda, lafiyarta lau. Na ce masa ya raba motar da buhunan, ya riƙa buɗe bonet yana dubawa, in da hali ya ajiye kyanwa a rumfar. Kuma don Allah duk wanda zai haɗa wayar sansa kada ya murɗe ta da hannu ya naɗe da salatif. Wutar da ke bin wannan waya ƙarama ce, ɗan tsatsa kaɗan a mahaɗa ya isa ya kashe ta.

Idan ido bai ga komai ba kuma motar tana tashi, bar ta a silo ka riƙa girgiza soket da wayar a hankali, wuri bayan wuri. Inda injin ya yi tuntuɓe ko ya mutu, nan ne. Naɗe hannun rigarka tukuna, ka ajiye carbi da rawani, fankar lagireto tana tashi da kanta ba sallama, bel kuma ba ya sakin abin da ya kama.

Sai a zo ga awon sansar kanta, kuma iri biyu ne, ba a auna su da hanya ɗaya. Mai waya biyu maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar waya, ba a ba ta wuta, ita ke haifar da tata duk lokacin da haƙorin kamshaf ya gifta bakinta. Cire soket, sa mita a om, wato awon yadda waya ke tare wuta, taɓa ƙarafunanta biyu. A Toyota mai 1ZZ da 2AZ, littafin kamfani ya ce 835 zuwa 1,400 idan tana da sanyi, 1,060 zuwa 1,645 idan ta yi zafi, kuma sanyi a wurinsu shi ne ƙasa da digiri 50, ka ga motar da ta yini a zafin ranar watan Afrilu ta kusa fita daga wannan aji ko ba a tayar da ita ba. Idan mita ba ta nuna komai ba, wayar ciki ta tsinke. Idan ta nuna kusa da sifili, ta haɗe. Taɓa ƙarfe ɗaya da jikin injin, bai kamata a samu haɗuwa ba. Sannan juya mita zuwa AC a murɗa kik, za ka ga lamba ta motsa ko da ba ta kai bolt 1 ba. Waɗannan lambobi na Toyota ne, kada ka ɗora su a kan wata mota, kowacce da nata.

Ga wata dabara da ke rage wahala. Idan sansa ta ba ka awo mai kyau a bakinta, mayar da soket, cire kan batir na nagatif, zare soket ɗin ƙwaƙwalwa, ka auna daga ramuka biyun da wayoyin sansar suka shiga. Awon da ka samu a bakin sansa shi ya kamata ka samu a nan. Idan ya ɓace ko ya ƙaru sosai, waya ce, ka gama bincike. Wannan yana buƙatar zanen wayarin motar don ka san ramukan, ni nakan sauke su a waya in ajiye duk ranar da sabis ya yi kyau.

Mai waya uku kuwa akwai ɗan lantarki a cikinta, ana ba ta wuta, kuma awon om ba ya gaya maka komai game da ita. Waya ɗaya ta wuta ce, ɗaya nagatif, ɗaya ta saƙo. Cire soket, murɗa makulli wutar dashbod ta kawo ba tare da ka tayar ba, auna ramukan soket ɗin da ke zuwa daga mota. Ɗaya zai ba ka bolt 5 ko wutar batir, ya danganta da motar. Tsakanin ramin nagatif da kan batir na nagatif ya zama kusan sifili. Wayar saƙo a motoci da yawa takan nuna wajen 5 idan sansa a cire take. Idan wutar ba ta zo ba, duba fis da rile kafin komai. Idan motar mai bolt 5 ce kuma ka ga 1 ko 2, ka sani wannan layin sansoshi da yawa ke sha daga gare shi, wata can daban da ta haɗe za ta iya janye shi ƙasa. Riƙa cire su ɗaya bayan ɗaya, wadda ka cire 5 ta dawo ita ce mai laifi.

Idan wuta da nagatif sun cika, mayar da soket, zura siririyar allura ta bayansa ta gefen wayar saƙo har ta taɓa ƙarfe. Kada ka huda robar waya, ramin nan ruwa zai bi bayan wata biyu. Cire soket ɗin kwayil da na nozul don kada injin ya tashi a hannunka, giya a firi, makulli a kunne, sa sifana a notin fulin karanshaf ka juya a hankali ta yadda injin ke juyawa. Lafiyayyar sansa za ka ga mita tana tsalle tsakanin kusan sifili da 5, ko da 12, duk sanda haƙori ya zo ya wuce. Idan ka zagaya sau biyu cikakku lamba ba ta motsa ba, yanzu kana da hujjar cewa ta mutu. Abin da nake roƙon 'yan uwana masu wayarin su bari shi ne gwada wayar saƙo da ƙwan fitila, ko karta ta a bodi a ga ko za ta yi tartsatsi. Wannan aikin zamanin Fijo 504 ne mai kwantak. A motar injekta, ƙwan fitila yana jan wutar da za ta iya ƙona ƙwaƙwalwa. In dai sai ka yi amfani da fitila, to ta LED. Ka kuma lura, akwai masu waya uku da ainihinsu irin na maganaɗisu ne, ta ukun rigar kariya ce kawai. Idan babu ramin da ya kawo wutar ciyarwa amma biyu daga ƙarafunan sansar sun ba ka om mai ma'ana, irin wannan ce.

Wadda ta fi ba da wahala ita ce mai mutuwa da zafi, domin da sanyi duk awonta daidai yake. Siririyar wayar cikinta ko dalmar da ke riƙe da ita ce ta tsage, zafi ya buɗa tsagar, sanyi ya rufe. Ba ka da zaɓi sai ka kama ta a lokacin da take cutar. Bar motar ta yi ta aiki har ta mutu ko ta ƙi tashi, mita tana hannunka, ka auna nan take. Mai waya biyu za ka ga om ya ɓace, bayan ɗan lokaci ya dawo da kansa kana kallo. Direban da abin ya same shi a daji ba mita, ya jiƙa tsumma da ruwan leda ya ɗora a kan sansar kaɗai, ba a kan soket ba, kuma kada ya kwara ruwa a tof mai zafi. Idan bayan minti biyu ko uku ta tashi alhali da can sai ta daɗe, ya samu shaida mai ƙarfi, ya kuma samu abin da zai kai shi gari.

Mu koma kan P0341 da P0016. Waɗannan sau da yawa ma'anarsu ita ce sansa tana magana sarai, amma abin da take faɗa bai yi daidai da na sansar karanshaf ba. Wato gaskiya take faɗa, taimin ne ya goce. A Honda K24, P0341 sananniyar alama ce ta sarƙar taimin da ta miƙe. Ka saurari injin da sassafe a tashin farko, idan akwai ƙarar kacau-kacau ta 'yan daƙiƙu daga ɓangaren sarƙa, ba a kan sansa gizo ke saƙar ba. Haka idan cutar ta fara ne bayan an buɗe injin an canza gasket ko bel, a koma a duba alamomin taimin, haƙori ɗaya ya isa. Sai baƙin mai. Na'urar da ke karkata kamshaf da ƙarfin mai take aiki, ta cikin wani ɗan bawul da 'yar matata mai ƙananan ramuka. Man da ake aunawa a kwalba ba a san asalinsa ba, ko wanda aka bari ya wuce lokacin juye, yana yin kauri ya toshe su, kamshaf ya maƙale a wuri ɗaya, lambobi irin su P0011 da P0012 su biyo baya. Zaro ma'aunin mai ka duba kafin ka zargi kowa. Na fi jin takaicin wannan fiye da komai, domin mutum zai yi tsimi a kan juyen mai, ya zo ya biya ninkin-ba-ninkin a kan sarƙa.

Akwai kuma motar da aka sauya wa injin Beljiyam. Injin ya yi kama da na da, ya zauna daram, amma shekararsa ko ƙasarsa daban, haƙoran da ke kan kamshaf ba irin waɗanda ƙwaƙwalwar motar ta sani ba ne, ko sansarsa mai waya uku ce alhali ta da mai biyu ce. Idan lambar ta fito tun ranar da aka ɗora injin, a kwatanta haƙoran da sansar tsohon injin da na sabon kafin a sayar da tsohon ga 'yan gwangwan.

In ta tabbata sansar ce, ka tafi da tsohuwar a hannu, ko ka ba direban da ka yarda da shi, a sayo mai lamba iri ɗaya da wadda ke rubuce a jikinta. Kama a ido ba ta isa ba, tsawon da ya bambanta kaɗan yana canza tazarar da ke tsakaninta da haƙori. A ra'ayina, ta asali da aka ciro daga injin Beljiyam aka auna ta a gabanka ta fi sabuwa mai arha marar suna, wadda takan yi aiki da sanyi ta gaza da zafi tun a makon farko. Wajen cirewa, share ƙurar da ke kewaye da ita tukuna don kada ta zuba cikin injin, kwance noti, murɗa ta hagu da dama kana ja. Dubi bakinta. Idan garin ƙarfe ya taru ya yi tsiri a kan maganaɗisun, goge shi ka sake gwada ta, wani lokaci shi ke nan maganin, amma ka tambayi kanka daga ina garin ya fito. Idan bakin ya goge ko ya fashe, wani abu yana dukan ta a ciki. Tabbata tsohuwar robar zobe ta fito tare da ita, shafa wa sabuwar ɗan mai, tura ta da hannu har ta zauna kafin ka ɗaura noti, kada ka ja ta ciki da ƙarfin noti kunnen zai karye. Ɗauri kaɗan ya isa, tof ɗin alminiyom ne. Mayar da wayar kan maƙalanta na asali, nesa da salansa da wayoyin kwayil.

Goge lambobin, fita da motar ta yi zafi sosai, a hau kwalta a sauka burji, a kashe a sake tayarwa, sannan a sake jona kwamfuta a duba har da lambobin da ke jiran fitowa, domin wasu ba sa kunna wutar cek sai cutar ta maimaita a tafiya ta biyu.

Ƙwaƙwalwa ita ce ta ƙarshe da nake zargi, kuma ba kasafai ake kaiwa gare ta ba, sai motar da ta shiga ruwa a damina, ko wadda aka juya wa kan batir, ko aka yi walda a jikinta batir yana haɗe. Idan batir, waya, sansa, taimin da mai duk sun fita, cire ta ka duba soket ɗinta ko akwai kore ko alamar ruwa. Daga nan aikin ya fi ƙarfin mita, sai wanda ke da na'urar da ke zana saƙon kamshaf da na karanshaf a allo ɗaya ya ga yadda suke jeruwa, irin waɗannan kuma a Kano ake samunsu. Ka tafi masa da takardar da ka rubuta lambobin farko da duk awon da ka yi, da sanyi da zafi, ka kuma gaya masa ko an taɓa buɗe injin ko an sauya shi.